Sakan Talatin Kafin Karo: Yadda Matuƙan Jirgin Sama Ke Amsa Gargaɗin Na'urar Kauce wa Karo

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ɗaga kai da la'asar ya hango jirgin sama can ƙololuwa yana jan farin zare a bayansa, zai ɗauka cewa babu wurin da ya kai sararin samaniya yalwa, kuma babu yadda za a yi jirage biyu su yi karo a cikinsa. To, amma tarihi ya nuna akasin haka. A ranar 30 ga Yuni, 1956, jiragen fasinja biyu suka yi karo da rana a kan makeken kwazazzabon nan na Amurka da ake kira Grand Canyon, mutum 128 suka halaka. A ranar 12 ga Nuwamba, 1996, wani jirgin Saudiyya da ya taso daga birnin Delhi na Indiya ya yi karo da wani jirgin Kazakistan da ke shirin sauka, mutum 349 suka rasu. Har yau ba a sami karon sama da ya ci rayuka kamar wannan ba.

Mai karatu yana iya tambaya: me ya kawo malamin ilmin halittu cikin zancen jirgin sama? Amsa ita ce, komai ƙwarewar na'ura, a ƙarshe gargaɗinta a kunnen mutum yake sauka, ƙwaƙwalwar mutum ce take fassara shi, kuma tsokar hannun mutum ce take aiwatar da shi. Saboda haka wannan darasi zai duba abubuwa uku: iyakar idon ɗan Adam, yadda na'urar kauce wa karo take aiki, da kuma abin da ke faruwa a jikin matuƙi cikin 'yan sakan ɗin da ke tsakanin gargaɗi da karo.

Hanyoyin Sama

Da farko ya kamata mu sani cewa sama ma tana da hanyoyi kamar yadda ƙasa take da su, sai dai su hawa-hawa ne kamar bene. Manyan jiragen fasinja suna tafiya ne galibi tsakanin ƙafa 30,000 da 40,000 daga doron teku. A ƙa'ida, jirgin da ya nufi gabas yakan ɗauki hawa mai lamba mara, kamar ƙafa 35,000 ko 37,000, wanda ya nufi yamma kuma ya ɗauki mai lamba cika, kamar 34,000 ko 36,000. Ke nan tsakanin jirage biyu masu fuskantar juna akwai ƙafa 1,000, watau kimanin mita 300. Nahiyar Afirka ta fara aiki da wannan tazara a manyan hawa tun shekarar 2008. Masu raba waɗannan hawa su ne jami'an kula da zirga-zirgar jiragen sama, waɗanda ke zaune a ƙasa suna kallon rada suna magana da matuƙa ta rediyo. A taswirar matuƙa, sararin saman Nijeriya baki ɗaya da sunan Kano aka san shi.

Sai dai jami'i mutum ne, matuƙi ma mutum ne, kuma ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. A ranar 13 ga Satumba, 1997, wani jirgin sojan Jamus da ya sha mai a Yamai ya nufi kudancin Afirka yana tafiya a hawan da bai dace da alƙiblarsa ba. Ya yi karo da wani jirgin sojan Amurka a kan teku daura da gaɓar Namibiya, duka mutum 33 da ke cikin jiragen biyu suka rasu. Babu ɗaya daga cikinsu da ke ɗauke da na'urar da muke magana a kanta.

Iyakar Idon Ɗan Adam

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Wannan gaskiya ce a kasuwa da gona, amma a sama ido yana da rauni iri huɗu.

Na farko shi ne gudu. Jirgin fasinja yana tafiyar kimanin kilomita 850 a awa ɗaya. Idan biyu suka fuskanci juna, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da kilomita 1,700 a awa, watau kusan rabin kilomita a kowane sakan. Hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta ƙiyasta cewa daga lokacin da matuƙi ya hango wani abu, ya gane jirgi ne, ya fahimci karo za su yi, ya yanke shawara, ya motsa hannu, har jirginsa ya amsa, ana bukatar sakan 12.5. Cikin wannan lokaci jiragen biyu sun cinye kusan kilomita 6. Gangar jikin jirgi mai faɗin mita 4, idan aka hango ta daga kilomita 6, ba ta fi ƙwayar dawa guda da aka ajiye a tazarar mita 6 ba.

Na biyu shi ne ƙirar idon kanta. A bayan ido akwai wani tantani mai karɓar haske, kuma a tsakiyarsa akwai ɗan gurbi da ake kira fobiya. Wannan gurbi kaɗai ne ke gani tangaran. Faɗin abin da yake ɗauka bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba idan mutum ya miƙe hannunsa gaba. Sauran tantanin ba ya tantance ƙananan abubuwa, amma yana da saurin jin motsi. Shi ya sa kake lura da ƙadangare ta gefen ido da zarar ya motsa, alhali da yana tsaye ba ka gan shi ba.

A nan ne rauni na uku yake, kuma shi ne mafi haɗari. Jirgin da zai wuce ta gabanka ko ta bayanka, za ka ga yana tafiya a gilashin taga. Amma jirgin da zai buge ka ba ya gusawa dama ko hagu. Yana nan a wuri ɗaya kamar ɗigon datti a gilashi, ƙarami, sai a sakan na ƙarshe ya kumbura ya cika taga. Watau abin da ya fi kowane haɗari shi ne wanda gefen ido ba ya lura da shi.

Na huɗu kuwa, idan ido yana kallon fili fetal wanda babu abin kamawa a cikinsa, kamar shuɗin sama ko duhun dare, yakan saki ya koma ya saita kansa a kan tazarar 'yan mitoci kaɗan. Sai matuƙi ya zaci nesa yake dubawa, alhali idonsa bai wuce hancin jirgi ba.

Darasi Daga Fara, Jemage da Tsuntsaye

Halittu masu tashi sun daɗe da fuskantar wannan matsala. Duk yaron da ya taɓa farautar fara ya san cewa da sanyin safiya ake kama ta, domin in rana ta yi, hannu bai isa gare ta ba sai ta tashi. A bayan kowane idon fara akwai wata babbar ƙwayar jijiya wadda aikinta shi ne lura da abin da ke ƙara girma a ido, watau abin da ke tunkaro ta. Dakta Claire Rind ta Jami'ar Newcastle da ke Ingila tana cikin waɗanda suka yi shekaru suna nazarin wannan jijiya. Saƙonta yana tafiya ta gajeriyar hanya zuwa sassan da ke sarrafa fiffike da ƙafa, fara ba ta tsayawa dogon tunani.

A shekarar 1976 wani masani a Jami'ar Edinburgh mai suna David Lee ya nuna cewa dabba ba ta bukatar sanin ainihin nisan abu ko ainihin gudunsa kafin ta kauce masa. Abin da take bukata shi ne sanin lokacin da ya rage kafin su haɗu, kuma ana iya samun wannan daga saurin da abin yake ƙara girma a ido. Ya kira wannan lokaci da sunan harafin Girkanci, tau. A 1981 shi da abokin aikinsa suka yi nazarin wasu tsuntsayen teku da ke faɗowa daga sama su nutsa don kamun kifi, suka nuna cewa lokacin da suke naɗe fikafikansu kafin su taɓa ruwa ya dace da wannan lissafi.

Jemage kuma yakan fitar da siririyar ƙara, ya saurari dawowarta, daga jinkirin amsar ya san nisan abin da ke gabansa. Sannan a 2016, masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostireliya suka riƙa sakin wasu ƙananan aku biyu-biyu daga bakin rami guda, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Ba a sami karo ko sau ɗaya ba, domin kusan kullum kowane tsuntsu damarsa yake kaucewa. Mu riƙe wannan da kyau: kaucewa ba ta amfani sai idan ɓangarorin biyu suna bin ƙa'ida guda.

Yadda Na'urar Take Aiki

A ranar 31 ga Agusta, 1986, jirgin fasinja na ƙasar Meziko ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a kan unguwar Cerritos kusa da Los Angeles, mutum 82 suka rasu, 15 daga cikinsu suna gidajensu a ƙasa. A shekara mai bi majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa manyan jiragen fasinja ɗaukar na'urar kauce wa karo, aka kammala sanya ta a ƙarshen 1993. Sunanta a taƙaice TCAS, matuƙa kuma suna furta shi Tikas. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta ta a kan manyan jirage daga 2003, sannan daga 2005 ta faɗaɗa dokar zuwa jirage masu injin tabain da suka wuce kilo 5,700 ko suke ɗaukar fasinja fiye da 19.

Aikinta ya yi kama da na jemage, da bambanci guda. Kowane jirgin fasinja yana ɗauke da wata na'urar amsa kira, wadda idan aka aiko mata da tambaya ta rediyo take mayar da amsa nan take, tare da faɗin hawan da jirgin yake. Tikas takan aika tambaya a kan zango megahaz 1030, amsa ta dawo a kan 1090, kimanin sau ɗaya a kowane sakan ga jirgin da ke kusa. Da yake saƙon rediyo yana gudun kilomita 300,000 a sakan, zuwa da dawowa daga jirgin da ke nisan kilomita 6 ba ya wuce kashi 40 cikin miliyan na sakan. Daga wannan jinkiri kwamfuta take gane nisa. Idan ta kwatanta nisan yanzu da na sakan ɗin da ya wuce, sai ta san saurin kusantowa. Ta raba nisa da sauri, ta sami lokacin da ya rage. Alal misali, nisan kilomita 14 da kusantowar kilomita 0.47 a sakan yana ba da kimanin sakan 30. Injiniyoyi ma tau suke kiran wannan lokaci.

Gargaɗin yana da mataki biyu. Mataki na farko na faɗakarwa ne, yana zuwa tsakanin sakan 20 da 48 kafin haɗuwa, gwargwadon hawan da jirgi yake. Murya takan sanar cewa ga jirgi nan kusa, alamar jirgin a allo kuma ta koma rawayan da'ira. A wannan mataki ba a yarda matuƙi ya karkata jirgi ba. Abin da ake so shi ne ya shirya, ya duba waje. Mataki na biyu umurni ne, yana zuwa tsakanin sakan 15 da 35 kafin haɗuwa. Alamar takan koma jan murabba'i, murya ta ce da Ingilishi abin da ma'anarsa ita ce “Hau! Hau!” ko “Sauka! Sauka!” A agogon da ke nuna saurin hawa da sauka sai jan yanki da koren yanki su bayyana: ja haramun ne, kore shi ne mafita.

Abu biyu ya kamata a lura da su. Na ɗaya, na'urar ba ta cewa a yi dama ko hagu, domin ta fi sanin nisa da hawa daidai a kan sanin kusurwar da jirgi yake. Na biyu, kuma shi ne ƙashin bayan tsarin, idan jiragen biyu duk suna da ita, na'urorin sukan yi shawara da juna ta rediyo cikin ƙiftawar ido. Wadda ta ce wa matuƙinta ya hau, ta riga ta sanar da 'yar'uwarta, ita kuma ta ce wa nata ya sauka. Jami'in da ke ƙasa ba ya cikin wannan shawara, kuma galibi bai san an yi ta ba sai matuƙi ya faɗa masa.

Abin da Ake So Matuƙi Ya Yi

An gina lissafin na'urar ne bisa zaton cewa matuƙi zai fara motsa jirgi cikin sakan 5. Zai kashe na'urar da ke tuƙi da kanta, ya kama sitiyari, ya ɗaga ko ya sunkuyar da hancin jirgi a hankali har ya kai saurin ƙafa 1,500 a minti ɗaya. A can sama wannan bai wuce karkata hanci da digiri biyu ba. Ƙarfin da ake bukata rubu'in jan ƙasa ne. Watau ɗalibi mai nauyin kilo 60 zai ji na ɗan lokaci kamar ya koma kilo 75 in hawa ake yi, ko kilo 45 in sauka ce. Idan na'urar ta ce a ƙara sauri, ko ta juya umurninta, to sakan biyu da rabi kawai matuƙi yake da shi. Yana cikin haka zai gaya wa jami'in ƙasa a gajarce cewa umurnin na'ura yake bi, shi kuma jami'in ya janye bakinsa har sai murya ta sanar cewa haɗari ya wuce, sannan jirgi ya koma hawansa.

Bari mu yi lissafi. Ƙafa 1,500 a minti daidai yake da ƙafa 25 a sakan. Idan umurni ya zo saura sakan 30, aka cire sakan 5 na matuƙi da kimanin 3 na jirgi kafin ya kai wannan sauri, saura 22. Ke nan jirgi zai gusa ƙafa 500 da 'yan kai. Idan duka biyun suka bi umurni, tazara ta haura ƙafa 1,000. Idan ɗaya ya bi, ɗaya ya tsaya a inda yake, akwai sauran ƙafa 500, an tsira. Amma idan ɗaya ya yi kishiyar abin da aka ce masa, to duka biyun sun nufi wuri guda, tazara ta koma sifili. Saboda haka mafi munin abin da matuƙi zai yi shi ne ya saɓa wa umurnin ta hanyar yin kishiyarsa.

Abin da Ke Faruwa a Jikin Matuƙi

Mai karatu zai ce sakan 5 ai lokaci ne mai yawa. Lalle saƙo a cikin jijiyoyi mafi sauri yana gudun mita 120 a sakan, don haka daga kai zuwa hannu ba ya ɗaukar ko kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Mutum mai lafiya da ke jiran alama yakan amsa haske cikin kimanin rubu'in sakan, ƙara kuma ya fi saurin amsa ta. Wannan yana cikin dalilan da suka sa gargaɗin yake zuwa da murya. To ina sauran lokacin yake tafiya? Yana tafiya ne wajen yanke shawara.

Idan ka taka garwashi, ƙafarka takan janye kafin ka ji zafi, domin saƙon a laka yake juyawa bai jira ƙwaƙwalwa ba. Amsa umurnin na'ura ba haka take ba. Dole saƙo ya hau ƙwaƙwalwa, a fassara kalma, a zaɓi abin yi. Tun 1952 wani masani ɗan Ingila mai suna Hick ya nuna cewa lokacin amsawa yana ƙaruwa gwargwadon yawan zaɓin da ke gaban mutum. Wanda yake da hanya ɗaya ya fi mai hanya biyu saurin tafiya.

Bugu da ƙari akwai firgita. Idan ƙara ta zo ba zato, wani ɗan sashe a cikin ƙwaƙwalwa mai suna amigdala yakan tayar da jiki. Wasu ƙullutai da ke zaune a kan ƙoda su zuba sinadarin adirinalin a jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ƙaru, tsoka ta ɗaure. Wannan shiri ne mai kyau ga wanda zai guje wa kura, amma ga mai tuƙin jirgi yana da illa biyu: yana iya fizgar sitiyari fiye da kima har fasinjan da bai ɗaura bel ba ya bugu da rufi, kuma hankalinsa yana iya tattaruwa a kan abu ɗaya har ya kasa jin wata murya da ke gefensa.

Sai kuma biyayya. Tun ranar da matuƙi ya fara koyon aiki ake horar da shi ya bi maganar jami'in ƙasa. Muryar mutum mai cike da gaggawa ta fi muryar inji shiga rai. Me zai faru idan muryoyin biyu suka saɓa?

Daren Uberlingen

A daren 1 ga Yuli, 2002, jirgi ƙirar Tupolev 154 na kamfanin Bashkirian ya taso daga Mosko zuwa Barsalona da mutum 69, fiye da rabinsu yara 'yan makaranta daga birnin Ufa na Rasha da za su tafi hutu. Wani jirgin kaya ƙirar Boeing 757 na kamfanin DHL kuma ya taso daga Bergamo ta Italiya ya nufi Beljiyam, da matuƙa biyu. Dukansu suna hawan ƙafa 36,000, hanyoyinsu kuma za su gitta a kan iyakar Jamus da Suwizalan. A cibiyar Zurik jami'i ɗaya ne ke kula da allo biyu, ana gyaran wasu na'urori, wayar tarho ma ba ta aiki.

Saura sakan 43 a yi karo jami'in ya lura, ya umurci jirgin Rasha ya sauka da gaggawa. Bayan sakan 7 na'urorin jiragen biyu suka yi magana: ta jirgin kaya ta ce ya sauka, ta jirgin Rasha ta ce ya hau. Matuƙan jirgin kaya suka bi na'urarsu. A ɗakin matuƙan Rasha kuwa ga murya biyu, ɗaya na cewa sauka, ɗaya na cewa hau. Ɗaya daga cikinsu ya ja hankalin sauran ga abin da na'ura ke faɗi, amma jami'in, wanda bai san na'ura ta yi magana ba, ya sake nanata umurninsa, suka ci gaba da sauka. Jiragen biyu suka yi ta sauka tare har suka haɗu a ƙasa kaɗan da ƙafa 35,000, kusa da garin Uberlingen na Jamus. Duka mutum 71 suka rasu.

Matuƙan nan ƙwararru ne, na'urorin kuma lafiyarsu ƙalau. Binciken hukumar Jamus da ya fito a 2004 ya nuna cewa dokoki da littattafan horo na lokacin ba su yi magana da murya ɗaya ba a kan wanda za a bi idan aka sami irin wannan saɓani. Abin baƙin ciki shi ne an riga an sami ishara. A ranar 31 ga Janairu, 2001, a sararin Japan, wani jami'i ya rikita lambobin jirage biyu na kamfani ɗaya, ya ce wa wanda bai kamata ba ya sauka. Matuƙin ya bi shi duk da na'urarsa ta ce ya hau. Jiragen, ɗauke da mutum 677, suka wuce juna da ƙyar bayan matuƙin ya sunkuyar da jirginsa da ƙarfi, kusan mutum ɗari suka ji rauni.

Bayan Uberlingen, ICAO ta gyara ƙa'ida a 2003 ta fayyace ta: idan na'ura ta ba da umurni, ita za a bi ko da ta saɓa wa jami'in ƙasa, sai fa idan bin ta zai jefa jirgin cikin haɗarin da ya fi. Dalili a fili yake. Na'ura tana sabunta bayaninta kowane sakan, rada ta ƙasa kuwa sai bayan 'yan sakan. Kuma na'ura ta san abin da aka gaya wa ɗaya jirgin. Ta fuskar ilmin halittu, abin da wannan gyara ya yi shi ne rage zaɓin matuƙi daga biyu zuwa ɗaya. An kuma inganta na'urar kanta. Sabon tsarinta mai lamba 7.1, wanda Turai ta wajabta a kan sababbin jirage daga 2012 da sauran daga ƙarshen 2015, yana iya gane cewa ɗaya jirgin ya saɓa, ya juya umurnin wanda ke biyayya. An kuma sauya wata jimla da matuƙa ke yawan fahimta a baibai da wata gajeriya mai ma'anar “Daidaita!” Wasu jiragen zamani, kamar Airbus A380 da A350, na'urar tuƙinsu tana iya aiwatar da umurnin da kanta, matuƙi yana sa ido.

Sauran maganin horo ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Matuƙa sukan shiga ɗakin kwaikwayon tuƙi a kai a kai, a jefa musu irin wannan gargaɗi ba zato, har amsar ta zame musu jiki kamar yadda mai keke ba ya tunanin yadda zai taka feda.

Iyakokin Na'urar

Kada a ɗauka an gama da matsala. Na'urar ba ta ganin jirgin da na'urar amsa kiransa ba ta aiki. Haka ta faru a Birazil ranar 29 ga Satumba, 2006, inda jirgin fasinja ya yi karo da ƙaramin jirgin jet a kan dajin Amazon, mutum 154 suka rasu ba tare da gargaɗi ya yi ƙara ba. Haka kuma idan jirgi ya yi ƙasa da kimanin ƙafa 1,000 daga doron ƙasa, na'urar ba ta ba da umurnin hawa ko sauka, don kada ta tura jirgi cikin ƙasa. A irin wannan hawa ne jirgin fasinja ya yi karo da jirgin soja mai saukar ungulu a kan kogin Potomac a Washinton ranar 29 ga Janairu, 2025, mutum 67 suka rasu. Sannan gargaɗin kusantar ƙasa ko tsauni yana gaba da nata.

Akwai kuma haɗarin sabo, wanda Hausawa ke kira turken wawa. Tantabarar kasuwa ba ta tashi don an wuce ta, domin jijiyoyinta sun saba da motsin da bai taɓa cutar da ita ba. Jirgin da ke hawa da sauri zuwa hawan da aka ba shi yana iya tayar da gargaɗi alhali zai tsaya kafin ya isa ga na samansa. Don rage irin wannan, an shawarci matuƙa su sassauta saurin hawa ko sauka a ƙafa 1,000 na ƙarshe idan akwai jirgi kusa. Duk da haka, ƙa'ida ita ce a bi kowane umurni, domin jirgin da matuƙi ya hango ta taga ba lalle ne ya zama shi ne wanda na'ura take nufi ba.

Gwaji a Aji

Malami na iya nuna wannan darasi da rula mai santimita 30. Ɗalibi ɗaya ya riƙe ta a tsaye ta sama, na biyu ya buɗe yatsu biyu daidai sifili ba tare da ya taɓa ta ba. Na farko ya sake ta ba sanarwa, na biyu ya cafke. Idan ya kama a santimita 10, lokacinsa sakan 0.14 ne, a 20, sakan 0.20, a 30, kusan sakan 0.25. A maimaita sau goma a ɗauki matsakaici.

Daga nan a sauya ƙa'ida. Mai saki ya riƙa faɗin kalma daidai lokacin da ya saki: in ya ce “kama” a cafke, in ya ce “bari” a ƙyale. A ƙarshe a sa ɗalibi na uku ya tsaya a gefe yana faɗin kishiyar abin da mai saki ya faɗa. A rubuta sau nawa rula ta faɗi ƙasa da sau nawa aka yi kuskure. Sannan a gaya wa mai kamawa tun da wuri muryar da zai bi, a sake gwadawa, a kwatanta sakamakon.

Kammalawa

Mun ga cewa idon ɗan Adam, wanda ya isa ga tafiyar ƙasa, ya gaza a gudun rabin kilomita a sakan, shi ya sa aka ƙera na'urar da ke auna lokacin da ya rage, irin aikin da fara da tsuntsu suke yi da jijiyoyinsu. Mun kuma ga cewa na'urar ba ta ceton kowa sai matuƙan jiragen biyu sun amsa cikin sakan 5, a natse, kuma bisa ƙa'ida guda da aka amince da ita tun kafin a bar ƙasa. Ɗalibin da ke burin zama matuƙi, ko injiniya, ko likita, ya sani cewa sanin yadda jikin mutum yake aiki a lokacin firgita yana cikin ilmin da aikinsa zai bukata.

Tambayoyi

1. Me ya sa jirgin da zai yi karo da kai ya fi wuyar gani a kan wanda zai wuce ta gefe?
2. Jirage biyu suna nisan kilomita 9, tazararsu tana raguwa da kilomita 0.3 a sakan. Sakan nawa ya rage su haɗu?
3. Bayyana bambancin da ke tsakanin janye ƙafa daga garwashi da amsa umurnin na'ura.
4. Me ya sa yin kishiyar umurni ya fi ƙin motsi gaba ɗaya haɗari?
5. Kawo hali biyu da na'urar kauce wa karo ba za ta ba da umurni ba.